Motar Baba Ta Zo Ta Ƙarshe

4 ga Maris

Auta,

Gaisuwa gwargwadon yadda ka cancanta, sai ka auna da kanka. Ina fatan teku ba ta haɗiye ka ba, kuma injinan haƙo man da kake jinya suna samun sauƙi. Mu nan da sauran numfashi. Bayana yana ciwo tun ranar da na fara ɗaga Baba daga gado zuwa keken guragu, shekara uku ke nan. Shi kuwa ɓarinsa na dama yana nan yadda shanyewar jiki ta bar shi, hannun hagu yana rawa, magana tana fita ɗaya-ɗaya kamar ana tatsar ta.

Tunda a wurinku babu waya sai ta kamfani, kuma jirgin da ke kai muku wasiƙu sai ya ga dama, zan zube maka komai a takarda ɗaya.

Ka tuna motar tseren nan ta rimot, mai manyan tayoyi, wadda ya saya bayan ya rufe gareji? Ita kaɗai ta rage masa a duniya. Kwana shida yana kwance yana ƙirga tsagar silin, amma ranar Asabar kafin in ɗaga labule ya farka yana tambaya ko batir ya cika. Sai in tura shi har filin da ke bayan tsohuwar ma'ajiyar katako, inda 'yan ƙungiyarsu suka tara ƙasa suka yi tudu uku da kwana bakwai, suka zagaye da igiya. Tsofaffi goma sha ɗaya, kowa da rimot a hannu, suna ihu kamar an ce za a raba gado.

Shi ne kai, ni ce hannu. Teburin cin abincinmu ya koma gareji. Ni da na yi shekara ashirin a laburare ina jera littattafan mutanen da suka fi ka hankali, yau ƙarƙashin farcena baƙi ne ƙirin. Ya sa na cire giyar inji na ɗaura ƙarama mai haƙora goma sha biyu. Ya sa na ɗura wa shokozoba huɗun mai mai kauri kamar zuma. Ya sa na manna dalma a hancin motar. Ya sa na yanko guntun roba daga tsohuwar taya na cusa a bayan kunamar rimot, wannan da ake ja da yatsa a ba da wuta, don kada ta jawu har ƙarshe. Ka kuma san dokarsa tun zamanin gareji: abu ɗaya ake canzawa, a gwada, sannan a taɓa na biyu. Wata huɗu muka yi a kan abu huɗu.

Shugaban ƙungiyar wani tsohon likitan haƙori ne mai son doka fiye da 'ya'yan cikinsa. Tun bara, ranar da motar ta ƙwace wa Baba ta bugi ƙafar mai ɗaga tuta, ya gaya mana a gaban kowa cewa in ta sake tsallake igiya ta taɓa mutum, Baba ya gama tsere a filinsu. Babu wani fili kuma a kusa.

Sati tara ke nan a jere motar Baba tana zuwa ta ƙarshe. Ina tsaye a bayansa da gorar ruwa da magani, rana tana dafa mini ƙeya, ina tafa wa na goma sha ɗaya. Ba ni da Asabar ko ɗaya da zan ce tawa ce. Ka nemi hutu ka zo ka tsaya a bayansa, ko da Asabar huɗu ne, in ga yadda duniya take a ranar.

Yayarka

19 ga Maris

Yaya mai bakin reza,

Na gaishe ki da kyau, na gaishe da Baba gaisuwa ta musamman. Ina lafiya, sai mura da aiki. Ki riƙa shafa wa bayan nan naki wani abu, kada ki tsufa kafin lokaci, wa zai riƙa zagina?

Wallahi layi ɗaya a wasiƙarki ya hana ni cin abinci: sati tara Baba yana zuwa na ƙarshe. Baba fa! Mutumin da ya yi shekara arba'in yana sa gawar motocin mutane ta tashi da gudu, yau likitan haƙori ne yake ba shi ƙura? Da na karanta abin da kuka yi wa motar sai na gane matsalar. Giya mai haƙora sha biyu ai ta jan kaya ce. Mai mai kauri yana kashe shokozoba. Ga dalma, ga roba. Kun ɗaure wa doki ƙafa kuna mamakin bai yi sukuwa ba. Na san tsufa ne da dabarun da, kuma ke ba fanninki ba ne, ban ga laifinki ba.

Na sa wani shago ya aiko muku da kaya kai tsaye, ƙila ma su riga wannan takardar isowa. Akwai sabon inji da ya ninka na yanzu ƙarfi sau uku, da babban batir, da giya mai haƙora ashirin, da man shokozoba marar kauri. Na zana miki komai a bayan takardar nan, mataki-mataki, ko makaho zai bi. Ki ɓamɓare dalmar, ki cire robar nan ki jefar. Ki yi duka lokaci ɗaya, babu amfanin ja da rai.

Maganar hutu, babban famfonmu yana kwance kuma ni kaɗai na san kansa. Ƙila ƙarshen shekara. Amma ki gani, ranar da Baba ya zo na ɗaya, ke kanki za ki ji daɗin tsayuwar.

Ƙaninki,
Auta

2 ga Afrilu

Injiniya,

Barka da ƙoƙari. Muna lafiya, tunda ka tambaya a layi ɗaya da rabi.

Na rubuta maka shafi biyu ina cewa ruwa ya kai mini wuya, ka aiko mini da giya mai haƙora ashirin. Na sha karanta labarin mutanen da aka roƙa ceto suka aiko da nasiha, amma kai ka buɗe sabon babi. Ashe ba fannina ba ne. Na gode da ba ka ga laifina ba, da ban san inda zan sa kaina ba.

Kwalin ya iso. Ka so ka ga ubanka. Mutumin da na yi shekara uku ina wankewa, ina juyawa, ina share wa baki, bai taɓa ce mini sannu da aiki ba sai dai "kin ɗaure notin nan da yawa". Amma ya rungume kwalinka a cinya yana shafa shi kamar jariri. Ranar Asabar ya tilasta ni na ɗora shi a kan ƙafafunsa har fili, yana nuna wa kowa.

"Ɗana," in ji shi. "Injiniya. Daga teku."

Likita ya ɗaga injin yana juyawa, ya ce, "To Makaniki, in ka ɗaura wannan ai sai mu koma wasan ludo."

Suka bushe da dariya, Baba har da hawaye. Ni kuwa mai tuta ya ce in ɗan matsa ina tare masa hanya. A ranar ma motar ta zo ta ƙarshe, kuma ban taɓa ganin Baba cikin farin ciki irin haka ba.

Da muka dawo na tambaye shi, "Baba, a ɗaura?"

Ya ce, "Ɗora a kan firji."

Na ce, "Auta ya ce a ɗaura duka."

Ya ce, "Ke dai ɗora. Inda zan riƙa gani."

To kwalinka yana kan firji, an share masa wuri, an kawar da tulun furen da Mama ta bari. Kullum da safe sai an juya keken ya fuskance shi. Kai da ba ka san kalar ƙwayar da yake sha da rana ba, ka samu matsayin da ni ban samu ba ko a mafarki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mu namu ɗakin daga tsakiyar teku ake gano yoyonsa.

Na karanta zanenka. Yana da kyau ƙwarai, ko makaho zai bi. Tunda kai ne mai fanni, wace ni da zan yi gardama?

Yayarka, wadda ba fanninta ba ne

11 ga Afrilu

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, jirgi zai tashi. Ina lafiya, Allah ya sa ku ma haka.

Kada ki ɗaura komai. Don Allah kada ki taɓa motar. Da na ga kin ce Baba ya sa a ajiye kwalin a kan firji, sai na ɗauko wasiƙarki ta farko na sake karantawa a zaune. Ni ne jaki. Ba tsufa ne ya sa ya yi waɗannan abubuwan ba. Ya rage wa motar gudu ne daidai da abin da hannunsa mai rawa zai iya riƙewa, don kada ta sake tsallake igiya a kore shi. Robar nan ita ce birkin yatsansa. Ya saba ja har sai ta tare shi, in aka cire zai ja har ƙarshe bai sani ba. Da wancan injin kuwa, Allah kaɗai ya san inda za ta sauka. Zuwa na ƙarshe ba ya damunsa, zuwan ne yake so.

Ki yayyaga zanena. Maganar hutu zan sake tuntuɓa.

Auta

24 ga Afrilu

Auta,

Ina gaishe ka. Ka ci abinci kafin ka karanta, tunda layi ɗaya yana hana ka ci. Baba yana numfashi, hawan jininsa ya sauka jiya. Matar Likita an yi mata ɗinki bakwai a ƙwauri.

Wasiƙarka ta biyu ta iso bayan an gama aski. An ɗaura komai yadda ka zana, mataki-mataki.

Ranar Asabar mun ɗan makara, muka tarar har an jera motoci, babu lokacin zagayen gwaji. Na ajiye tasa a layin baya inda ta saba. Mai tuta ya sauke hannu. Auta, ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, kamar ana yaga ƙarfe. Motar ta ɗaga hanci sama ta ratsa tsakiyar goman nan kamar ba sa motsi. Kafin kwanar farko ta wuce ta Likita. Wani ya yi ihu, "Makaniki ya dawo!" Na ga yatsan Baba ya nutse har ƙarshe, yana ƙoƙarin saki ya kasa, hannun yana karkarwa, bakinsa a buɗe. Ta hau tudun farko ba ta sauko a fili ba. Ta bi iska ta haye igiya ta sauka a ƙafar matar Likita, wadda ke zaune a kujerar roba tana rubuta lokacin kowa. Jini har cikin takalminta.

Motar tana kife a ƙasa, taya ɗaya tana ta juyawa. Bayan an ɗauke matar, Likita ya dawo ya durƙusa a gaban keken Baba, da hannunsa ya ɓare lambar da ke jikin motar, ya ce, "Makaniki, ka yafe ni. Ni na kafa dokar, kuma matata ce." Baba yana so ya yi magana, kalmar ta maƙale, miyau ya zubo masa a riga a gaban mutanen da ya yi shekaru yana ɓoye musu haka. Mai tuta ya juya baya don kada ya gani.

Ga kyautarka, Injiniya. Ka so ya zo na ɗaya, ya zo, na tsawon numfashi biyu. Tun daga ranar bai sake tambayar batir ba. Ya juya fuska bango. Ka ci gaba da jinyar famfonka, shi aƙalla in ka kashe shi akwai wani a sito.

Yayarka

9 ga Mayu

Yaya,

Ban san yadda zan gaishe ki ba. Ki gaishe mini da Baba in har kina iya kallon idonsa.

Kwana uku na yi ina zagin kaina, har oga ya sauke ni daga aiki ya ce zan jawo musu haɗari. Sai jirgi ya zo da wasiƙu, a ciki har da wata 'yar takarda. Kin manta, ko ba ki lura ba, wasiƙar nan ta gargaɗi da rajista na aiko ta, saboda tsoron kada ta ɓata. Takardar shaidar karɓa ce ta dawo mini. Ga sa hannunki, wannan mai lanƙwasa da kike alfahari da shi. Ranar Alhamis, goma sha shida ga Afrilu. Tseren ranar Asabar ne, goma sha takwas.

Kuma ke ba kya makara. Tun muna yara ke ce mai tsayawa a bakin ƙofa da agogo. Kuma Baba ya ce a ajiye a kan firji, ba ki taɓa gaya mini ranar da ya canza magana ba. Kin rubuta "an ɗaura". Wa ya ɗaura? Gidan mutum biyu ne, ɗaya ba shi da hannu.

Ni na yi wauta daga nesa. Ke kin san amfanin robar nan tun ranar da kika yanko ta. Kin so Asabar, ga ta nan kin samu.

An ba ni hutun sati uku. Na mayar musu. Ba zan iya zama ɗaki ɗaya da ke ba yanzu.

Auta

21 ga Mayu

Auta,

Lafiyarmu ƙalau, irin lafiyar da ake yi a gidan da ba a magana.

Madalla, ka iya karatu a ƙarshe. Sau biyu ke nan kana gane wasiƙa bayan ta gama amfani.

E, ni ce. Na karanta gargaɗinka ranar Alhamis a tsaye a bakin ƙofa, har ƙarshe, har wurin da ka ce za ka "sake tuntuɓa". Ranar Juma'a da rana motar asibiti ta zo ta kai shi wurin motsa jiki. Awa biyu gare ni. Na sauko da kwalinka, na shimfiɗa zanenka a tebur, na yi aikin da ban taɓa yin mai tsafta irinsa ba. Babu notin da na ɗaure da yawa. Na mayar da murfin motar, na mayar da kwalin kan firji babu komai a ciki, ya dawo ya yi masa murmushi. Ranar Asabar na ɓata rabin awa ina neman makullin da ke cikin aljihuna.

Kada ka tambaye ni me na zata zai faru. Na gaya wa kaina za ta kife a kwanar farko, su yi dariya, ya gane kyautar ɗansa ba ta san shi ba. Wannan shi ne abin da na gaya wa kaina. Amma ni na tsaya a wurin ranar da Likita ya kafa doka, kuma ni na san inda matarsa take ajiye kujera. Na fi ka sanin abin da nake so, kuma ba zan yi maka kuka a takarda don ka ji sanyi ba.

Kai kuma kada ka yi saurin sa farar riga. Shekara uku kana neman dalilin ƙin zuwa, famfo ya gaji da ɗaukar laifinka, yanzu na ba ka dalili mai kyau, mai mutunci, wanda za ka iya faɗa wa abokai. An ba ka sati uku ka zo ka ga ubanka a lokacin da ya fi bukatarka, ka mayar don kana fushi da ni. Ka gode mini.

Ya sani. Shekaranjiya ya ce in miƙo masa rimot. Ya juya shi a cinya, ya zura yatsa a bayan kunamar, ya daɗe yana laluben wurin. Sannan ya ɗago ya dube ni. Na jira zagi, wallahi da na ji daɗinsa. Sai ya ce, "Ɗauko biro."

Ga saƙonsa, da hannuna, kalma-kalma yadda ya faɗa: "Gaya wa Auta injinsa mai kyau ne. Na wuce Likita. Kowa ya gani. Allah ya yi masa albarka." Na tsaya da biro a sama ko akwai saura. Ya ce, "Shi ke nan."

Yau da safe na kawo ruwan ɗumi da sabulu da reza kamar kullum. Tun da ya kwanta ni nake masa gyaran fuska, bai taɓa yarda wani ya kai masa ƙarfe wuya ba, ko ma'aikatan asibiti. Na ɗaura masa tawul, na shafa kumfa a gefe ɗaya. Da na ɗago rezar sai ya sa hannun nan mai rawa ya riƙe mini wuyan hannu. Ba da ƙarfi ba, ba shi da shi. Ya kawar da hannuna gefe a hankali, ya ce, "Kira mai aski."

Na kira. Yana ciki yanzu, ina jin su suna hira. Ni ina kicin ina rubuta maka, an ce in rufo ƙofa.

Yayarka